Zanen Mama da na ɓoye

Mamata ba ta taɓa aikin albashi ba. Babanmu malamin makaranta ne, aiki ya kawo shi Jega tun kafin a haife ni, ita kuma ta riƙe gida. Kullum da safe sai ta tara mu a tsakar gida ta karanta mana aya biyu ko uku daga Littafi Mai Tsarki, ta yi addu'a, sannan ta dama koko. Ranar Lahadi ita ce ta fara isa coci, ta share, ta jera kujeru. A zumuntar mata, in wata ta haihu ko ta kwanta ciwo, Mama ake fara gani da kwanon tuwo.

In kowa ya watse, sai ta ɗauko fensir da ɗan akwatin fentinta ta zauna a bakin ƙofar ɗaki. A bayan tsofaffin kalandun da Baba ke kawowa take zane. Ba wanda ya koya mata. Ta zana gulbi da masu kwalekwale, ta zana mata suna sheƙar gero a ƙauyen Dangamaji, ta zana albasa an shanya ta jajir a rana. Wata shekara da Kirsimeti ta zana wa coci makiyayan da suka je gaida jaririn Yesu, ta sa musu malfa da sanda kamar Fulanin da ke wucewa ta bayan gidanmu. Mutane suka yi ta dariya, fasto kuwa ya ce a bar shi a bango.

Ni dai abin kunya yake ba ni. Ƙawayena iyayensu malaman asibiti ne da ma'aikatan ofis, tawa kuwa kullum da fenti a farce.

Da na shiga jami'a a Aliero, akwai wani malaminmu, dattijo mai son zane-zane. Wata rana ya ga wani ɗan hoton tsuntsu da Mama ta zana mini a bangon littafi. Ya tambayi wanda ya yi, na faɗa masa. Ya ce suna shirin baje aikin hannu, in kawo masa nata ya gani.

Da na je gida na faɗa mata, Mama ta ajiye muciya ta dube ni.

"Shi da bakinsa ya ce?"

"Shi ya ce, Mama."

Kwana biyu tana zaɓe. Ta ware waɗanda ta fi so, ta naɗe su a tsohon zani, ta yi addu'a a kansu, ta miƙa mini. Ta ce, "Ki riƙe da kyau, 'yata. Ki gaishe shi."

Ban kai masa ba. A mota na buɗe na ga bayan kowanne akwai tallan sabulu ko na taki, na tuna 'yan ajinmu za su gani su ce aikin uwata ne. Na tura ƙunshin ƙarƙashin gado a ɗakin da nake haya, na ce sai gobe. Goben ta zama sati, har aka yi baje kolin aka gama. Muka tafi hutun damina. Da na dawo na jawo zanin, gara ta cinye su. Ko ɗaya bai tsira ba.

Da Mama ta tambaye ni, na ce malamin ya gani, ya ce ba laifi, amma ba irinsu ake nema ba, suna ofishinsa.

Ta ce, "To, ai su suka yi karatun abin. Ubangiji ya sa albarka." Ta koma kan girkinta.

Tun daga nan zanen ya ragu. Ta ce idonta ne. Ta koma saƙa da ɗinkin kyallen teburin coci. Na ga akwatin fentin ya yi ƙura a kan durowa.

Bayan na gama karatu, an yi wa Baba canjin wurin aiki zuwa Maiyama, hawan jini ya kayar da Mama, ɓarin damanta ya shanye. Na baro aiki na zo jinyarta. Wata rana da hantsi ina ba ta kunu, ta riƙe hannuna da na hagunta, maganarta da ƙyar take fita.

"Na gulbin nan... ki karɓo mini. Ina so in gani."

Na ce, "To, Mama, sati mai zuwa."

Ba ta kai satin ba. Ranar jana'iza coci ya cika, har maƙwabtanmu Musulmi na Jega suka cika mota suka zo gaisuwa. Wata tsohuwa a cikinsu ta rungume ni tana kuka, ta ce, "Ɗiyata, uwakki mutuniyar kirki ta."

Sai bayan shekara uku na iya faɗa wa Baba. Yana zaune a kujerarsa yana gyaran tabarau, na durƙusa na zayyana masa duka. Na zaci zai yi faɗa.

Ya ce, "Da kin faɗa mata gara ce ta ci, da ta sake zana wasu. Lokacin ai tana da hannu."

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe. Tashi, ƙasa da sanyi."

Daga ranar bai sake tayar da zancen ba. Har yau ina zuwa Maiyama duk ƙarshen wata in duba shi, in yi masa miya mai yawa, mu je sujada tare, washegari in hau mota in koma.