Muryar Ƙanena a Wayoyin Mutane

Ƙanena yana son jin muryarsa, kuma bai taɓa ɓoye haka ba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana shela a tashar mota. Daga wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da fanka marar murfi yake sanar da motar da ta cika da wadda ta rage mutum biyu, da wanda ya manta jaka a kan benci. Direbobi suka sa masa Lasifika, shi kuwa ya amsa sunan da hannu biyu. Ko sallama zai yi sai ya gyara murya.

Da annoba ta zo aka rufe tashar, ya zauna gida ba mai sauraronsa sai matarsa, ita kuma ta daɗe da koyon toshe kunne.

Gwaggonmu ce ta sama masa aiki. Ba ta iya karatu ba, ga saƙonni suna ta shigowa wayarta. Sai ta riƙa tura masa, shi kuma ya karanta ya mayar mata da murya. Wata rana aka turo wani dogon rubutu mai cewa duk wanda aka yi wa rigakafin annobar ba zai wuce shekara biyu ba. Ƙanena ya karanta tun daga "Ni babban likita ne, shekara talatin ina aiki," har da jan numfashi inda ya dace. Sau uku ya sake ɗauka, wai na farkon bai fita ba.

Gwaggo ta tura wa ƙawayenta. Kafin mako biyu saƙon ya dawo mini daga wata da muka yi sakandare tare, an manna masa hoton wani mai farar riga da tabarau. Na kira shi na ce, "Likita, yaushe ka gama karatun ba mu sha biki ba?"

"Yaya, ai ni karantawa kawai na yi. Amma kin ji yadda ya fita?"

Da aka buɗe tasha aka ce ba mai komawa aiki sai da katin rigakafi. Ya je da sassafe ya miƙa hannu, ya dawo lafiyarsa ƙalau. Matarsa kuwa, mai ciwon suga da asma, wadda ma'aikatan asibiti suka ce irinta ake fara yi wa, ta ce ba da ita ba. A gabana suka yi.

"Ni ne fa na yi maganar nan, kin sani."

"Bakinka ne dai. Maganar ta likita ce."

"Ban ma san wanda ya rubuta ba."

"To ka gani. Mutumin da ba ka sani ba kake so ka ƙaryata? Kai dai an riga an yi maka, neman abokin tafiya kake."

Ya ɗauki sabon saƙo yana ba da haƙuri, ya faɗi aikinsa na gaskiya. Mutum tara suka saurara. Gwaggo ta ce an saye shi. Gaskiya ba ta da farar riga, ba wanda ya tura ta gaba.

Watan jiya cutar ta kama maƙwabciyarsu, wadda suke shanya a igiya ɗaya da matar tasa. Ranar da aka wuce da ita asibiti, ƙanena ya zo gidana da takarda cike da rubutu gaba da baya. Ya je wurin ma'aikaciyar jinyar da ta yi masa allura, ta faɗa masa abin da ke gaskiya, ya rubuta kalma bayan kalma. Ya zauna a bakin kujera, ko gyaran murya bai yi ba.

"Yaya, ke kin san mutane. Ki samo wanda matata ba ta taɓa jin muryarsa ba ya karanta wannan, ku tura mata. Don Allah kada sunana ya fito."