Muryar da Muka Riƙa Wucewa

A shekarun da wayar hannu ta fara shigo mana Kura, ina aiki a injin casar shinkafa na wani Alhaji, a bakin titi, daf da inda babban kanal na ruwan noman rani ya ratsa. Alhajin ya gaji da tsohon injin da ke kakkarya wa mutane shinkafa, sai ya yi odar sabo daga Indiya, mai tsince tsakuwa. Kamfanin ya haɗo shi da mutum guda, wai ya harhaɗa injin, ya koya mana, ya zauna har hannunmu ya faɗa.

Da muka ji Ba'indiye zai zo, kowa ya gama zana shi a ransa: dogo, fari, gashi na zubowa a goshi. Ai mun sha kallo. Sai ga mota ta sauke wani gajeren dattijo, baƙi kusan kamar ni, ga sanƙo ga tumbi, yana jan akwati mai taya ɗaya. Mai shayin da ke ƙofar injinmu ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Kai, an cuci Alhaji. Wannan ai ba orijina ba ne."

Sauran ma'aikata Oga suke ce masa. Ni Baba nake ce masa, don a shekaru ya haife ni, kuma ni aka ɗora a kan injin, kullum muna tare cikin ƙara da ƙaiƙayin ɓuntu. Ba ya cin nama. Shinkafa da wake yake saye wurin wata tsohuwa, ya zabga yaji har ni ɗan ƙasa in ji tsoro. Abin da ya fara ba ni mamaki kunnensa ne. Kafin damina ta zagayo ya kama Hausa. Yakan haɗa mace da namiji a magana, amma muryar mutum, in ya ji ta sau ɗaya, ta zama tasa. Wata rana ina kwance a kan buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, sai na ji Alhaji a bayana yana cewa, "Barci na ɗauke ka ka yi mini?" Na zabura har na buge gwiwa. Babu Alhaji babu dalilinsa, Baba ne riƙe da sifana yana ƙyaƙyata dariya.

Ran nan na ce masa, "Baba, don Allah kai wane iri ne?"

Ya ce, "Ɗana, ni ɗan wasa ne. Inji sana'ar ubana ce."

A hankali, a lokutan cin abinci, ya ba ni labarin. Mahaifinsa na da injin niƙa a ƙauye. Shi kuwa yana saurayi ya gudu ya bi wata ƙungiyar masu wasan daɓe. Da an gama girbi sai su loda katakai da tufafi a akori-kura, su bi ƙauyuka, su kafa dandamali a fili. Babu lasifika. Ya ce maigidansu yakan je can ƙarshen fili ya hau amalanken shanu, in bai ji raɗarka daga nan ba, ba ka hau dandamali ba. Ya fito a sarki, ya fito a ɓarawo, ya fito a tsohuwa mai bakin tsiya. Ya ce akwai garin da mata suka jefe shi da takalma don ya kori ɗansa a cikin wasa, kuma bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Sai talabijin ta shiga ƙauyuka, mutane suka daina fitowa fili, ƙungiyar ta watse. Ya tafi babban birnin da ake shirya fina-finai. Duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa sai a dubi fuskarsa a ce ya dawo wani lokaci. Amma da ya buɗe baki, sai aka ce ya tsaya. A nan na fara jin abin da ban taɓa sani ba: ashe Indiya ba yare ɗaya ba ne. Akan yi fim da wani yare can kudu, sai a kawo shi a cire maganar, a sa wasu mutane a ɗan ƙaramin ɗaki su yi ta da yaren da mu muke kira Indiyanci, baki ya dace da baki. Aikin da ya yi ke nan shekara da shekaru. Fuskar wani, muryar Baba. Da girma ya zo, yara suka taso, aka rage kiransa, sai ƙanin matarsa ya samar masa gurbi a kamfanin injina.

Ni na yarda, don na ji Alhaji ya fito daga bakinsa. Shi ma Baba bai ɗauki abin sirri ba. Wata safiya a teburin mai shayi aka kawo hirar fim, sai ya faɗa da bakinsa, cikin jin daɗi, cewa ya yi fim da yawa.

Wayyo, ina ma bai faɗa ba. Mai shayin nan shi ne malamin fim ɗin Indiya na unguwar. Ya san kowane jarumi, ya san kowane bos da yaransa, har wanda ake fara jefowa ta taga. Ya ajiye ludayi ya ce, "Oga, ka ji tsoron Allah. Tun ina goye nake kallon Indiya. A wane fim ka fito? Ko kai ne dokin?"

Aka fashe da dariya. Baba ya yi ƙoƙarin bayani, cewa murya ce ba fuska ba. Mai shayi ya ce, "To, ashe aljani ne. Ana jin sa ba a ganin sa." Daga ranar sunansa ya koma Akta. In ya wuce, masu babur su danna hon su ce, "Akta, yau ba rawa?" Mata masu kawo turararriyar shinkafa su rufe baki da mayafi suna dariya. Ni dai na yi faɗa har na gaji. Na taɓa watsar da shayina a gaban mai shayin na ce ya sha abinsa, na yi mako ban zauna a bencinsa ba, abin bai rage komai ba.

Baba ya daina kwaikwayon kowa. Ya daina zama a waje. Ya ci abincinsa a bayan inji, ya wanke hannu, ya koma aiki. Kuma ga shi lokacin tafiyarsa ya ƙarato, don mun iya injin, Alhaji har ya fara maganar tikiti. Wata rana muna canza bel ya ce mini, ba tare da ya ɗago ba, "Ɗana, a ƙasarmu ma ba wanda ya san fuskata. Na saba. Amma can ba a taɓa ce mini maƙaryaci ba." Dattijo ya bar iyalinsa ya zo ya yi mana aiki tsakani da Allah, zai koma gida da sunan maƙaryaci.

Ranar kasuwar Bunkure muka je neman wani ƙarfe wurin masu gwangwan. Muna ratsawa tsakanin kwandunan tumatir da buhunan albasa, sai ya tsaya cak a gaban teburin mai sayar da kaset ɗin bidiyo. Ya ɗauki wani. Ya ce, "Wannan. Ina ciki."

Na duba kwalin. Haba! Fim ɗin da muka kalla har muka haddace waƙoƙinsa. A gidan kallon unguwarmu duk sati sai an sa shi. Na ce, "Baba, ka tabbata? Wannan ko barci nake na san shi."

Ya ce akwai wani tsohon manomi a ciki, yana zuwa gaban mai gari ya yi doguwar magana. Na shiga lalube a kaina. Na tuna tsohon, da rawaninsa da sandarsa. Abin da ya ce kuwa, ko sautinsa ban iya tunawa ba.

Na je na sami mai gidan kallo na roƙe shi ya sa fim ɗin ranar Juma'a bayan la'asar. Na bi na gaya wa kowa, na fara da mai shayi. Na ce ya zo da kunnensa. Ranar kuwa rumfar langa-langar ta cika maƙil, har da manoman da suka taso daga gona da laka a ƙafa. Baba ya sa farar riga mai guga, ya taje ɗan gashin da ya rage masa. Na sama masa wuri a bencin gaba.

To ga yadda muke kallo, ga wanda bai sani ba. Ba ma jin yaren. Waƙa muke so da faɗa. In aka zo waƙa mai daɗi sai a ce a tariyo, a sake, a kuma sakewa. In kuwa mutum biyu suka zauna suka kama surutu, sai wani ya ɗaga murya ya ce, "A wuce!" mai gidan kallo ya danna, mutanen cikin talabijin su yi ta wutsil-wutsil har a iso inda ake naushi. Haka muka taso, ba wanda ya taɓa ganin laifin abin.

Aka yi waƙar farko, aka tariyo ta. Baba na zaune, hannu a kan gwiwa. Aka yi faɗan kasuwa. Can sai ga tsohon manomin ya shigo zauren mai gari yana dogara sanda. Na ji Baba ya ja numfashi. Tsohon ya buɗe baki ke nan, sai wasu samari daga baya, waɗanda kallo kawai ya kawo su, suka haɗa baki: "A wuce!" Shi kuma mai gidan kallo, da hannunsa ya riga ya saba, ya danna.

Tsohon ya yi ta karkaɗa kai da sauri kamar kaza na tsattsaga, ba sauti. Aka yi dariya. Baba ya dubi talabijin, ya juyo ya dubi mutane. Ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya ratsa ya fita.

Ban san sanda na miƙe ba. Na tsaya a gaban talabijin na ce wallahi ba mai ganin komai sai an tariyo. Aka yi mini ca, wani ya jefo ɓawon rake. Na ce a jefo gatari ma. Abin mamaki, mai shayi ne ya tashi ya ce, "Ku yi mana shiru. A tariyo, mu ji ƙaryar da kunnenmu."

Aka tariyo. Kaset ɗin nan duk ya gaji, wajen waƙoƙi hoton rawa yake, sautin na shaƙewa. Amma da aka iso wurin tsohon, sai sauti ya fito garau kamar yau aka saye shi, don ba a taɓa barin sa ya yi magana ba. Muryar ta fara ƙasa-ƙasa, tana rawa, sannan ta hau, ta cika rumfar. Ba mu gane kalma ɗaya ba. Ba ma buƙata. Babu wanda ke wurin da bai san muryar nan ba, har da ɗan tarin da yakan yi kafin ya ɗaga ta. Rumfar ta yi tsit, sai ƙarar janareta a waje. Mai shayi ya zare hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "La'ilaha illallahu. Shi ne."

Na fita da gudu. Na hango shi can nesa a kan gaɓar kanal, farar rigarsa kaɗai ake gani, yana tafiya gida. Na ƙwala kira, bai juyo ba.

Washegari ya zo aiki kamar kullum, bai yi mini maganar ba, ni ma na kasa. Hantsi ya ɗaga, inji na ta ruri, sai ga mai shayi ya bar teburinsa ya shigo, bayansa mutane, har da manoman jiya da mata masu jiran a casa musu. Ya yi mini alama in kashe inji. Na kashe. Ya matsa gaban Baba, ya ɗan rusuna, ya ce, "Baba, mun ji. Ka yafe mana. Amma don Allah, me tsohon nan yake cewa?"

Baba ya daɗe yana kallon sa. Na ɗauka zai juya baya, kuma da ya juya ban ga laifinsa ba. Sai ya ajiye tsumman hannunsa. Ya ɗauki muciyar da muke zungurar shinkafa da ita, ya dogara. A gabanmu bayansa ya ranƙwafa, gwiwarsa ta saki, ya tsufa. Ya fara, da Hausa, da waccan muryar.

Ya ce, ranka ya daɗe, gonata ita ce ta ƙarshe a bakin ruwa. Kafin ruwa ya iso ni, ya bi gonar kowa, ya gaji. Na sama suna sha har su yi wanka, ni ina tsaye da fartanya ina kallon ƙasa na tsagewa. Ban zo roƙon hatsi ba, ina da hannu. Ban ce a hana kowa ba. A buɗe mini rana ɗaya, in shayar da abin da na shuka, in ya so in mutu a ga kore a gonata.

Wani dattijo daga wajen Bunkure, wanda gonarsa ke can wutsiyar kanal, ya dafe buhu ya zauna. Ya ce, "Wannan ai ni ne. Shekara nawa ina faɗin haka." Wata mata ta goge ido da bakin mayafi. Mai shayi kuwa, mai bakin nan da ba ya mutuwa, ƙasa kawai yake kallo.

Baba ya miƙe, ya jingine muciyar a bango. Fuskarsa sharkaf, ban sani ba ko gumi ne. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai son ya tafi da fuskokin.

Ya ce, "Tun da na bar fili, yau ne na fara ganin masu saurarona."

Sannan ya juyo gare ni ya ce in tada inji, matan nan tun safe suke jira.