Ɗakunan da Na Gina da Baki

A duk ƙasar Gwarzo ba na jin akwai wanda ya kai ni ƙara wa zance gishiri. In na ga kura ɗaya a hanyar Kutama, kafin in iso gida ta zama garke. Mutanenmu sun san halina, sukan zubar da kashi tara na maganata su riƙe ɗaya, kowa ya zauna lafiya. Ban san akwai mai riƙe maganar mutum dukanta ba sai da na gamu da takarda.

Zamanin Turawa ne, lokacin da gyaɗa ke tashe. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya rasu a Kabo. Ya bar gida, da matarsa da muke kira Inna, da ɗa tilo, wanda yake taubashina, abokin wasana tun muna tsere a kan jakuna. Shi kuwa shekararsa uku da tafiya Makka a ƙasa, labarin ƙarshe da aka ji yana Sudan yana cirar auduga. Alkali ya ce ba mai taɓa gidan sai magaji ya dawo. Ya duba dangi, ya ga ni na tashi a hannun mamacin, sai ya ɗora mini amana.

"Yadda ka karɓa haka za ka mayar," in ji shi. "Ko ƙwarzane ban yarda ba."

Ba a yi arba'in ba gobara ta tashi a unguwar, ta lashe gidaje uku, ta tsaya a katangarmu kamar mai jiran a ce mata bismilla. Tun daga ranar na daina ƙoshi. Ko wani ya yi tsaki sai in ji kamar ƙarar wuta a jinka. Na rame har ina zagaya mazagin wandona sau biyu.

Ina cikin wannan hali wani mai awon gyaɗa a Gwarzo ya ba ni labarin inshora. Ya ce kamfanin da kawu ke kai wa gyaɗa yana yi: ka riƙa biyan wani abu duk shekara, in wuta ta ci gida su biya a sake gini. Na ce a turo su tun jiya.

Aka turo wani akawu daga Kano, da gajeren wando da safa har gwiwa da alƙalami uku a aljihu. Ya jingine kekensa ya doshi cikin gida. Na sha gabansa.

"Malam, ina zuwa? Gidan nan ba a shiga, kuma matar gidan tana takaba."

"To yaya zan rubuta abin da ban gani ba?"

"Ga ni. Ni ne idonka. Zauna a zaure, in shiga in ƙirgo maka."

Ya zauna a bakin tabarma yana kallon azara yana yatsina. Ya ce shi a birni gidajen da yake rubutawa sai mutum ya ɓace a ciki, wannan kam ko rabin shafi ba zai ci ba. Maganar nan ta soke ni. Kawuna da ya ciyar da rabin Kabo, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, a ce gidansa rabin shafi?

Gaskiyar magana, ɗaki huɗu ne a gidan: turakar kawu, ɗakin Inna, na taubashina, da na ajiyar gyaɗa mai rufin kwano. Na shiga na tarar da Inna tana jan carbi.

"Wa kake wa ihu a zaure?"

"Mai tsare mana gida daga wuta ne, Inna."

"Allah ke tsarewa. Ga kunu can, sha ka rufe bakin nan ko na ɗan lokaci."

Na shanye kunun, na fito na ce ɗaki shida. Akawu ya rubuta bai ko ɗago kai ba. Rashin ɗagowar nan ya ƙara tunzura ni. Na ce dakata, ban leƙa sashen baya ba. Na koma na tsaya ina kallon akurkin kaji, na ce a raina, ai kai ma da ƙofarka. Na dawo na ce akwai masaukin baƙi. Rumfar jaki ta zama barga. Madafa ta zama ɗakin kuyangi, alhali kuyangar da ta taɓa shiga gidan nan ita ce tsintsiya. Muka kai tara.

"Shi ke nan?" in ji shi.

"Saura benen."

Nan ya ɗago. "Bene? Ban hango bene daga waje ba."

"Kawu ba ya son nuna arziki. Can ƙurya ya ɓoye shi."

Rumbun dawa nake nufi, tunda sai da tsani ake hawansa. Akawu ya gyara zama, ya juya shafi, har da ce mini ranka ya daɗe. Na dangwala yatsa ina jin kaina kamar na rama wa kawu. Sai da ya tashi tafiya ya gaya mini girman gida shi ne girman biya. Shekara biyu ina sayar da tumakina ina tsare benen da ba a taɓa ginawa ba, wuta kuwa ko leƙowa ba ta sake yi ba.

Ana nan taubashina ya dawo, ya zama Alhaji, ya yi baƙi ƙirin, yana ce wa ruwa moya. Aka sa ranar mayar da amana. Alkali ya aiki muhutinsa Kabo ya dubo gidan, muka hallara a Gwarzo. Da na yi shiru da an sallame ni tun kafin azahar. Amma ina! Sai na zaro takardar kamfani daga aljihu na miƙa.

"Allah ya gafarta Malam, a duba irin riƙon da na yi. Har Turawa na sa suna gadin gidan nan."

Alkali ya ba malamin kotu mai karanta boko. Ya fara fassarawa, ni kuma ina gyara hula. Da ya zo kan ɗaki tara da bene sai na ji hular ta yi mini nauyi.

Alkali ya dubi muhuti. "Nawa ka ƙirgo?"

"Huɗu, Allah ya gafarta Malam."

"Benen fa?"

"Ko matakala ban gani ba."

Na juya wajen Alhaji, mutumin da aka yanke wa cibiya a gidan nan, ya san kowane ramin ɓera da ke ciki. Na ce to ga mai cetona. Sai ya sunkuyar da kai ya goge ido da bakin rawani.

"Allah ya gafarta Malam, benen nan nake ta mafarki tun daga Jidda. Ashe bawan nan nawa ya cinye shi."

"Kai, Alhajin auduga! Ka ji tsoron Allah, yaushe ubanka ya yi bene?"

"Ni na sani? Shekarata biyar ba na nan. Yatsan wa ke jikin takarda?"

Alkali ya buga sanda aka yi tsit. Ya ce magana biyu ce, in zaɓi ɗaya. Ko takarda ta yi gaskiya, na ci amanar ɗaki biyar da bene, ko kuwa ni maƙaryaci ne, in faɗa da bakina kowa ya ji. Wallahi sai da na tsaya tunani. Ba a taɓa kirana maƙaryaci a gaban jama'a ba, kullum mai hikima ake cewa. Har na fara lissafin tubali nawa bene zai ci.

Muhuti ya yi gyaran murya, ya ce tsohuwar gidan ta ba shi saƙo ta bayan zana. Ta ce a gaya wa alkali yaron nan ko tsinke bai ɗauka ba, yaɓe bai taɓa wuce shi ba, ranar da indararo ya karye ma da kansa ya hau ya gyara ana tsaka da ruwan sama. Ƙarya dai ce, ita kuwa tun yana goye yake yinta.

Na miƙe na ce, "Allah ya gafarta Malam, ƙarya na yi. Akurki ne, da rumfar jaki, da madafa, da rumbu."

"Huɗu ke nan," in ji alkali. "Saura biyu."

"Waɗannan ko akurki babu. Daga kunu suka fito."

Alkali ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Alhaji kuwa sai da aka riƙe shi. Aka rubuta cewa na mayar da amana cif, aka kuma umarce ni in tafi Kano in sa a gyara takardar, Alhaji ya raka ni don kada in dawo da masallaci a tsakar gidan.

Abin mamaki, tun daga nan amana ta yi ta zuwa hannuna. Gonar marayu a Durun, awakin wata gwauruwa, mabuɗin mai tafiya fatauci, duk ni ake nema. Sai dai in za a rubuta abin da aka ba ni, akan ce in ɗan jira a waje.