Tankin da Ke Bayan Katangata

Ranar da na cika kwana sittin da biyu a takaba na ji ƙarar walda ta bayan katanga. Ni ban iya rubutu ba, maƙwabciyata malamar makaranta ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce mata ko na yi kuka kada ta ajiye biro.

A Tudun Wada katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da wurin cika gas na wani Alhaji. Tankinsa a kwance yake, fari, ya fi ɗakina tsawo. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shekara arba'in yana walda, kuma ba ta ƙofa da taga ba, ta manyan tankuna. Ba ya cin tuwo bai yi maganar ƙarfe ba. Na sha ce masa, "Malam, ni fa ba tanki ba ce, ka bar ni in ci abinci." Ba ya bari. Haka na haddace abin da ban nema ba.

Ya ce akwai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke biyo gas idan ba a tace shi sosai ba. In ta haɗu da ɗan ruwan da ke kwanciya a ƙasan tanki, sai ta riƙa shiga jikin ƙarfen tana tsaga shi daga ciki, galibi kusa da walda. Gyaransa sai an kwashe gas, an wanke, an gurje tsagar har ƙarshenta, an gasa wurin na awoyi don abin da ya shiga ƙarfen ya fita. Sannan a yi walda, a sake gasawa, a lulluɓe ya huce a hankali. Shekarun baya da tankin Alhajin ya tsage, kwana uku Malam ya yi a kansa.

Wannan karon da hantsi aka fara, kafin la'asar an gama. Ban ji injin gurza ƙarfe ba, ban ji hucin wutar gashi ba. Washegari motar gas ta zo ta cika shi.

Ga ni a takaba, ba fita. Na sa aka kira min babban ɗana da ke Hanwa a waya.

"Inna, kewa ce ke damunki. Duk ƙarar da kika ji sai ki tuna Baba."

"Ƙwarai ina tuna ubanka. Shi ya sa na san liƙe tsagar kawai aka yi."

"To ki yi haƙuri."

Haƙuri! Haƙurina ne zai riƙe ƙarfe? Na aiki ƙanen Malam wajen Alhaji da bayanina duka. Ya dawo min da goro da sabuwar ta'aziyya. Da na tambaye shi abin da ya faɗa wa Alhaji, ashe cewa ya yi ƙarar walda ce ta dame ni.

Kwana uku da gyaran, ina shanya a tsakar gida, warin ya zo min ta saman katanga. Na kaɗa sabulu a kwano, na ɗauki mayafi. Yayar Malam, wadda ke taya ni zaman takaba, ta tare bakin zaure.

"Ina za ki? Mijinki ko kwana saba'in bai yi ba, so kike unguwa ta yi da mu?"

"Yaya, in tankin nan ya tashi, ni da ke tare za mu je mu same shi, kuma faɗa zai yi mana."

Na ratse ta na wuce. Mata na layi da tukwanen gas ɗinsu, duk suka juyo suna kallona. Alhaji ya taso da sauri.

"Subhanallahi, Inna! Ai da kin aiko."

"Na aiko, goro ka ba ni. Wa ya yi maka walda?"

"Wani gwani ne daga unguwar Kongo, shi ya yi min ƙofar gida."

"Ƙofar gidanka gas take riƙewa? Kashe janareta, mutanen nan su matsa can bakin titi."

Na miƙa masa kwanon. Ya zuba a kan sabuwar waldar, ba kumfar da ta taso, har ya fara murmushi. Na ce ba nan ba, ya sauka yatsa biyu gefenta, don Malam ya ce a nan take sake tsagewa bayan kwanaki. Ya zuba. Kumfa ta fara tasowa a jere, tsawon tafin hannu. Nan take ya sa aka kashe janareta.

A ranar aka rufe wurin, aka kwashe gas. Masu na'ura suka zo daga Kaduna, mako guda suna aiki, suka gano wasu tsagu biyu daga ciki. Da na ji hucin wutar gashi ta katanga, sai na zauna a tabarma na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'iza, don kamar Malam ne yake can.

Yaya kwana biyu ba ta yi min magana ba, duk da limamin unguwa ya ce fita don lalura ba laifi. Alhaji kuwa ya yi godiya sosai, har Hanwa ya je ya yi wa ɗana. Shi kuma ɗan nawa, an ce min, ya karɓa.