Gaiwa a Bangon Ɗakin Inna

Jama'a, yau na ga kifi ya fito daga bango a gidanmu na Gashuwa!

Ruwan jiya ya jiƙa bangon ɗakin Inna har ya tsage. Na kira Bukar magini ya gyara kafin ya faɗo mata. Yana kankare wurin sai ƙasar ta motsa! Na yi tsalle na ce, "Maciji!"

Ya ce, "Tsaya, Yaya, gaiwa ce."

Wallahi da ranta! Na ce, "Ta ina ta shiga?"

Ya ce, "Ba daga fadama kuka ɗebo ƙasar da rani ba? Tana barci a ciki kuka yi ginin da ita."

Inna ta leƙo ta ce, "Bukar, duba sauran bangon, ɗaya ba za ta ishe mu miya ba."