Anti Turai da Badon Bayan Hannuna

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, daidai da 16 ga Zulƙida, 1446, Allah Ya karɓi ran Hajiya Turai Suleiman, matar Alhaji Abdulbaƙi mai tura wa 'yan kasuwa kaya zuwa gida, a wani asibiti a nan Guangzhou, bayan jinyar kwana tara. Ina kasuwar Shahe ina yi wa wasu baƙi tafinta ƙawata Aicha ta kira ni. Ta kasa faɗa da Hausa, ta kasa faɗa da Faransancin da take gudu cikinsa in magana ta yi mata nauyi. Kuka kawai take, ni kuwa na gane. Washegari aka sallace ki, Anti Turai, aka kai ki makwancinki a garin da kika zo da niyyar wata uku kika yi shekara goma sha tara.

A zaman makoki kowa ya kawo nasa. 'Yan kasuwa sun tuna yadda kike cinikin abaya da kalmomin Sinanci uku kacal, ki ce wa mai shago "laoban", wato maigida, da murmushi, in ya ce "meiyou", wato babu, ki zauna a kan dilarsa har kayan su samu. Ɗalibai sun tuna tuwon Juma'a da miyar kukar da ba ta taɓa yankewa a gidanki na unguwar Xiaobei ba. Matan aure sun tuna ƙunshi, don babu amaryar da aka kai ɗaki a cikinmu, 'yar Kano ce ko 'yar Maraɗi ko 'yar Kumasi, da hannunki bai bi ta kan nata ba. Ni na yi shiru a ranar. Nawa labarin ba na faɗa a tsakiyar taro ba ne, amma yanzu ina so a ji shi.

Ina shekara bakwai a Gwammaja kaskon suyar ƙosai ya kife min a bayan hannun dama. Na warke, sai dai fatar ta tattare ta yi sheƙi, daga wuyan hannu zuwa gindin yatsu. Yaran makaranta suka sa min suna, wanda har yau ba zan maimaita ba. Da na yi wayo sai na samo mafita, na koma sa safar hannu. A unguwa aka ɗauka tsabar ustazanci ne, har iyaye suna kafa wa 'ya'yansu misali da ni. Na karɓi yabon, alhali ni na san abin da nake rufewa.

A 2014 na zo Guangzhou karatun harhaɗa magunguna, ina da shekara goma sha tara. Wanda ya san zafin garin nan a watan Satumba, zafin da ke haɗe da gumi mai danƙo, ya san azabar sa safa. Wata rana na bi 'yan ajinmu wani shagon masu zanen allura a jiki, wanda ake kira tatu. Su suka je yi, ni na je kallo. Mai shagon ya miƙo min kundin zane don kada in zauna haka, na yi ta buɗawa har na iso shafukan zanen Indiya. Nan na ga wata fulawa mai ganye takwas, an kewaye ta da zoben tsohon rubutunsu na Sanskirit, haruffan suna rataye a jikin layi kamar shanya a igiya. Na auna ta da ido, na ga daidai faɗin tabona take.

Sau uku na koma shagon ni kaɗai. Mai shagon mutum ne mai ladabi. Ya duba hannun ya ce fatar ƙuna ba ta riƙe tawada daidai, ya ba ni shawarar kafaɗa, ko ƙeya, ko idon sawu. Na ce masa kafaɗata lafiyarta ƙalau. Na kai wa Kavita, 'yar ajinmu Ba'indiya, takardar zanen da na karɓo a shagon don ta karanta min rubutun. Ta ce addu'a ce da kakarta take yi kowace safiya, sannan ta tambaye ni a hankali ko addinina ya yarda. Na ce mata hannuna ne. Hukuncin na san shi tun a Islamiyya, ba sai an karanta min ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ni na gaji. Ni da mai shagon muka tsayar da ranar Asabar.

Ranar Juma'ar da ta gabace ta Aicha, wadda muke ɗaki ɗaya a lokacin, ta ja ni gidanki cin tuwo. Ashe ta riga ta kai miki tsegumina. Na yi wata biyu ina jin haushinta, yau kuwa ina sa mata albarka. Da aka watse kika ce in biyo ki kicin in taya ki wanke-wanke. Kika rufe ƙofa, kika goge hannu a zani, kika ce:

"Ummu Salma, nuna min takardar."

Na ɗauko ina jiran wa'azi, har na shirya amsoshina. Kika kai ta kusa da taga, kika juya ta sama da ƙasa, sai kika fashe da dariya.

"Wannan ai bado ne! Ke yanzu kin tsallako duniya guda don a zana miki bado? Mu a Haɗeja shanu ke tattake shi a fadama."

Ban yi dariya ba. Kika ce, "To, a ina za a sa shi?" Daga baya na gane wannan ita ce tambayarki ta farko ga duk wadda ta zauna a gabanki. Kafin ki kalli zane sai kin san wurinsa. Kina cewa bayan hannu na jama'a ne, tafin hannu na mai shi ne da addu'arta, ƙafa kuwa ta maigida ce, kuma wadda ba ta san wa take yi wa ƙunshi ba gara ta tashi. Na nuna miki bayan hannun damana. Kika ce in cire safar. Shekara biyar ke nan babu wanda ya ga hannun a fili in ban da mahaifiyata da mai shagon nan. Na cire. Ba ki ce wayyo ba, ba ki ce sannu ba. Kika riƙe shi kina latsawa da babban yatsa kamar mai duba yadi, kika tambaye ni ko yana ƙaiƙayi lokacin sanyi.

Sharaɗi ɗaya kika nema. In ba ki mako uku, ki zana min badon da jan lalle a daidai inda nake so. In ya goge ina nan a kan bakana, ke da kanki za ki raka ni shagon. Rubutun kuwa kika ce ba za ki sa ba. "Addu'ar mutane ce, a bar musu abarsu. Mu ma ba za mu so a ɗauki tamu a yi kwalliya da ita ba."

Zanen farko bai yi kyau ba, kuma ba zan ɓoye wannan don kin rasu ba. Na dage sai a kan tabon kansa, kika bi ni. Da muka kankare lallen washegari, ya kama a gefe ya ƙi kamawa a tsakiya, ya fito dabbare-dabbare. Na yi kuka, na gaya miki maganar da ba ta dace yarinya ta gaya wa babba ba. Kika ce, "Kin yi gaskiya, ya yi muni. Laifina ne da na biye miki. Wannan fatar ta riga ta sha nata zanen, ba ta karɓar wani. Ki dawo in ya dusashe." Ranar ita ce Asabar ɗin, kuma hannun yana cike da lalle, babu allurar da za ta hau shi.

Da na dawo kika kwaɓa lallen da ake aiko miki daga gida, don ba ki yarda da na kanti ba. Wannan karon ba ki taɓa tabon ba. Kika fara daga bakinsa kina fitar da ganyayyaki waje, ɗaya bayan ɗaya, har takwas, kika kewaye su da zoben ɗigo-ɗigo a madadin rubutun. Da ya bushe muka shafa mahallabiya, sai ga fulawa ja sosai, tsakiyarta kuwa fatata ce mai sheƙi. Ran Litinin na tafi aji ba safa. A jirgin ƙasa wata tsohuwa Basiniya ta kama hannuna tana ta magana, ban ji komai ba sai "piaoliang", wato ya yi kyau. Na isa makaranta ina murmushi ni kaɗai kamar wata sabon kamu.

Mako uku suka cika, ban koma shagon ba. Bayan shekaru na tambaye ki ko da gaske za ki raka ni. Kika ce, "Sosai. Zan raka ki, in zauna a ƙofar shagon in yi ta kuka har ki ji kunyar mutane."

Sai dai ni mai taurin kai ce, kuma kin gano ni. Safa kawai na musanya da lalle. In akwai ƙunshi ina miƙa hannu in gaisa da kowa, in ya goge sai in ja hannun riga ko in lalubo safata. Duk bayan mako uku ko huɗu ina bakin ƙofarki, ko kina shirin zuwa tashar jiragen ruwa ta Nansha duba kwantena sai kin zauna kin yi min. Ba ki taɓa korata ba. Abin da kika yi shi ne, kika fara rage zanen. Da farko zoben ɗigon ya ɓace. Wata shekara na ƙirga ganyen na ga shida. Ranar aurena da Salihu kaɗai kika cika shi har gwiwar hannu, daga nan kika ci gaba da ragewa. Lokacin korona, da duniya duka ta koma sa safa, na ji daɗi a ɓoye. Kika kira ni a waya kika ce kin san akwai wadda take murna a garin nan, kada ta saba.

Na sha yi miki ƙorafi. Na ce kin fara ha'inci, kika ce tsufa ne. A Ƙaramar Sallar da ta wuce, ƙunshin ƙarshe da kika yi min, ganye biyu kika sa a wuyan hannu, kika tsoma min kan yatsu, kika ce an gama, ido ya yi rauni. Ban tashi daga wurin ba kika jawo hannun Aicha kika zuba mata zane mai ƙananan layuka da ko allura sai ta yi da gaske ta bi su. Na harare ki, kika yi kamar ba ki gani ba, kina ta waƙarki ƙasa-ƙasa. Na san hannunka mai sanda kike yi min, na kuma ƙudura cewa Babbar Sallah sai kin cika min ganyena takwas ko mu ɓata.

Babbar Sallah ta zo kina da kwana ashirin da 'yan kai a ƙasa. Wata baiwar Allah 'yar Zinder da ta iya ƙunshi ta yi min tayi, na gode mata na ce a'a. Da safe na buɗe durowar da safata take, na tsaya a kanta fiye da yadda zan so in faɗa, sannan na rufe. Na tafi Idi haka. Bayan an sallame mata suna ta gaisawa, sai wata Hajiya baƙuwa daga Kantin Kwari, wadda ba ta san ni ba, ta riƙe hannuna ta ƙura masa ido.

"Ayya 'yar nan, me ya same ki haka?"

Na ce, "Mai ne ya ƙona ni ina ƙarama, Hajiya. Yaya hanya, yaya mutanen gida?"

Ta ce lafiya lau, ta shiga ba ni labarin wahalar da ta sha a filin jirgi. Shi ke nan. Na tsaya ina saurarenta, hannuna a cikin nata, zuciyata kwance. Abin da ya zo min a rai kawai shi ne ke ya kamata ki ga wannan, ke da kika yi shekara goma sha ɗaya kina jiran sa. Na yi kewarki a wurin ƙwarai, amma ba baƙin ciki na ji ba, daɗi na ji.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Alhaji Abdulbaƙi, da ɗanki Saifullahi, da 'yarki Nana Khadija da ke Kano, da danginki na Haɗeja, da dukan matan garin nan da suka taɓa zama a tabarmarki. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Allah Ya jiƙan ki, Anti Turai, Ya yafe miki kurakuranki, Ya yalwata kabarinki Ya haskaka shi, Ya sa tuwon Juma'a da haƙurin da kika yi da 'ya'yan mutane su tarye ki a mizani. Allah Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarki, Ya kyautata tamu in ta zo. Da hannun nan na rubuta wannan, ba safa ba lalle, kuma shi nake ɗagawa yanzu ina roƙa miki rahama. Amin.