Ɗigo uku a gindin keken ɗinki

Shekarun baya, bayan na dawo daga Makka da shekara guda, tun korona ba ta kulle mu a ɗaka ba, 'yata ta kira ni daga Lyon tana kuka. Shekara huɗu tana zaune da wani ɗan ƙasarmu, ba fatiha, ba takardar auren hukuma ta meri. Na yi fushi, na daina gaisawa da ita, amma uwa uwa ce. Babban keken ɗinkina, wanda na ci abinci da shi a Montreuil, na aika mata.

To, sun ɓata. Ya canja makulli, ya ce duk abin da ke gidan nasa ne, har keken. Ita kuwa da shi take ci.

Na ɗaura zanena na hau jirgin ƙasa, ni da ko metro, jirgin cikin gari, sai na ƙirga tashoshi da yatsa. Aka zauna a gidan, gaban wani dattijo, Alhaji ɗan Maraɗi, da kowa ke jin maganarsa.

Mutumin 'yar tawa ya gyara zama ya ce, "Hajiya, nan Faransa ce. Ina takardar saye?"

Na ce, "Ɗan nan, ban yi lakkol ba, ban iya karatu da rubutu ba. Amma tunda naka ne, gaya wa Alhaji, me ke gindinsa?"

Ya ce, "Ƙarfe mana."

Na ce, "Ɗigo uku na jan farce, da zane ɗaya a ƙasa."

Mu matan Damagaram haka muke yi wa tukwane, don kada su ɓace gidan biki. Ni kuwa na zarce, har firij ban bari ba. Maza biyu suka kifa keken, ga ɗigona sun yi jajir. Na juya kwanon abincin da na zo da shi, iri ɗaya.

Alhaji ya yi dariya har da tari, ya ce, "Malam, ga sa hannunta. Naka fa?"

Mutumin da kansa ya sauko mana da keken hawa huɗu, yana haki, ina bayansa ina cewa a hankali da bango.

Tun ranar na daina jin kunya in an miƙo mini biro. Na kuma gane fushina bai amfani kowa ba, zuwana ne ya amfana.

Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa. Mutumin yana raye, an ce ya koma Saint-Denis. 'Yata tana Lyon, mata har layi suke mata in Salla ta matso. Ni ma ga ni, gwiwa ce kawai ta gaji.